Birkin da Na Ce Sai Bayan Salla

Wata ranar Asabar da hantsi, ina cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo kan motoci da sha'anin hanya, wani mai sauraro ya bugo waya. Ya ce shi direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Matamaye, motar ba tasa ba ce, kowace yamma yana kai wa mai ita kuɗin da suka yanke. Ya ce mako biyu ke nan birkin motar ba ya kamawa sai ya taka sau biyu. Ya gaya wa maigidansa, maigidan ya ce ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Sai ya yi mini tambaya: “Malam, in na fita da ita haka nan, na kai mutane na dawo lafiya ban taɓa kowa ba, ina da laifi?”

Ban ko numfasa ba na ce ya ajiye motar. Na kawo masa rigakafi ya fi magani, na ƙara da cewa ran mutum ba abin wasa ba ne. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: “To Malam, yaran fa me za su ci?” Lokaci ya ƙure, na yi masa godiya, aka sa kiɗan rufe shiri. Na fita daga ɗakin watsa shirye-shirye ina jin na faɗi gaskiya. Wata uku bayan haka na aikata abin da na hana shi, ni da babu wani maigida a kaina, kuma babu yaron da zai kwana da yunwa in na ajiye tawa motar. Wannan ne ya sa nake son in sake ɗauko tambayarsa a nan, in amsa ta a natse.

Ni dai a cikin ƙaurin baƙin mai na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban Peugeot 504 ne, wadda muke kira Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki tun 1975. Shekara da shekaru yana bin hanyar Kano ta Matamaye da Daura. Kullum bayan sallar asuba zai buɗe gaban motar, ya zaro sandar awon mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya duba ruwa, ya zagaya tayoyi huɗu yana bugun kowace da ƙafa. Daga nan sai ya shiga ya taka birki ya riƙe, ya yi shiru kamar mai lazimi. Na taɓa tambayarsa abin da yake jira. Ya ce yana jira ne ya ji ko ƙafarsa za ta riƙa nutsewa a hankali, domin in ta nutse to akwai inda mai yake zuba. Sai ya gama wannan duka sannan ya yi bisimilla ya tayar. A lokacin na ɗauka tsufa ne da tsoro.

Daga wurinsa na gaji son mota, kuma ina da ra'ayina a kan kusan kowace iri, masu saurarona sun sani. Har gobe ina cewa ban hau motar da ke shanye ramin hanya kamar 504 ba. Mercedes ta zamanin 190 ƙarfe ce ta gaske, amma ranar da ta yi fushi sai ka sayar da akuya. Sababbin motocin nan masu kwamfuta a kowane lungu suna da daɗin tuƙi, sai dai ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu ba su san darajarsu ba, kuma in fitila ta kunna a gabanka babu mai gane ciwon sai an nemo na'ura. Toyota kuwa ba ta burge kowa da kyau, amma bakaniken kowane ƙauye ya san hanjinta. Shi ya sa a 2021, bayan na shekara huɗu ina zubin adashi, na sayi Corolla ƙirar 2005 wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a kan miliyan 3 da jika 200 na sefa. Ranar da na shigo da ita unguwa har guɗa aka yi.

Abin da babu wanda ya yi mini guɗa a kansa shi ne littafin da na fara rubutawa daga wannan rana. Kowane dala da motar ta ci ina rubutawa. Ina sha mata mai kamar lita 60 a wata, a lokacin lita tana sefa 540, wato jika 32 da ɗoriya. Kowane kilomita 5,000 sai an yi mata bidanji, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira juyen baƙin mai, da sabuwar matatar mai, wajen jika 18. Matatar iska kuwa a wannan ƙasa tamu ta rairayi ba ta kai lokacin da masu ƙera motar suka rubuta. Ga asuransi, ga binyet, ga bizit teknik, ga batir da zafi ke kashewa, ga taya, ga abin da ba ka yi tsammani ba. Da na haɗa lissafin shekarar farko sai na ga ya doshi jika 700. In ka raba wata goma sha biyu, motar tana cin kusan jika 58 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar, ko bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, jika 42 ne. Kafin shekara biyar ta cika, abin da zan kashe wajen riƙon motar zai kai kuɗin da na saye ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mu masu sayen mota kuɗin rariyar kaɗai muke lissafawa.

Daga 2023 abubuwa suka ƙara tsanani. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur a Najeriya, man ƴan ruwa-ruwa da muke sha da araha a bakin titi ya tashi daga zama mai araha. A ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, iyakoki suka rufe, hanyar Kwatano ta toshe, kayan gyara suka yi tsada, wasu ma sai an yi jira. Kowane mai mota ya koyi kalmar “lallaɓawa”.

A farkon Yunin 2024, saura kwana goma sha wani abu Babbar Salla, na kai motar bidanji. Bakaniken da ke duba mini ita, dattijo ne wanda ya san mahaifina, ya cire tayar gaba ya kira ni. Ya nuna mini pilaket, wato ƴan fale-falen da ke matse faifan taya in an taka birki, sun cinye saura kaɗan ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya kuma lanƙwasa tiyon roba da ke kai man birki, ya nuna mini tsaga da danshin mai a jikinta. Ya ce: “Ɗana, wannan ba ta kwana. Jika 35 ta isa duka.” Na ce: “Baba, a bari sai bayan Salla, ka ga hidima ta yi yawa.” Ya dube ni, ya ce in dai zan tafi da ita haka, in riƙa duba man birkin kullum, kuma kada in yi nisa. Ya mayar da tayar bai ƙara cewa komai ba.

Kuɗin nan fa akwai su a aljihuna. A cikin wannan makon na ba da jika 25 aka gyara mini kilim, domin zan ɗauki baƙi ranar Salla, ban so su yi gumi. Na ba da jika 15 aka shafe wani ƙarce a ƙofar baya, domin shi ake gani in na tsaya a ƙofar gidan surukaina. Jika 40 ke nan. Na zaɓi abin da ido ke gani, na bar abin da ke ɓoye bayan taya. Na sayi ƙaramar kwalbar man birki na ajiye a mota ina ƙarawa, ina gaya wa kaina ai ina kula.

Kwana uku bayan Salla muka tafi suna Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Mahaifiyata tana gaba, uwargida da matar maƙwabcina da jaririnta suna baya. Mun shiga gari ke nan, gudun bai wuce 40 ba, sai wata yarinya mai talla, ba ta fi shekara takwas ba, ta fito daga bayan wata babbar mota da ke tsaye ta shiga titi da farantin goro a ka. Na taka birki, ƙafata ta tafi kusan ƙasa, motar ta rage gudu kaɗan kamar mai shawara. Na sake takawa, na finciki birkin hannu, na karya sitiyari zuwa rairayin gefe. Motar ta tsaya. Madubin gefe ne ya doki farantin, goro ya watse a kwalta. Yarinyar tana tsaye tana kallona, ko kuka ba ta yi ba sai da mutane suka taru.

Na biya kuɗin goron har da ƙari. Mutanen wurin suka yi ta cewa Allah ya kiyaye, wasu suna yi wa yarinyar faɗa, wani dattijo ma ya yaba mini, ya ce direban ya iya hannu. Mahaifiyata ba ta ce komai ba sai da muka dawo gida, a motar wani. Ta kira ni ɗakinta ta ce: “Ka san da ciwon nan kafin mu fita?” Na ce na sani. Ta ce: “Ka sani, ka ɗauke ni, ka ɗauki jaririn mutane.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

To ga tambayar direban Matamaye ta dawo mini da kaina a ciki. Ban taɓa kowa ba. Babu jini, babu asibiti, babu jandarma. Ina da laifi?

Mu ɗauki direbobi biyu, kowanne an nuna masa tsagar tiyo, kowanne ya ce sai bayan Salla. Na farko ya yi wata guda yana yawo babu yarinyar da ta gifta gabansa, ya gyara motarsa, magana ta wuce. Na biyu yarinya ta gifta, taku ɗaya ta riga ta Mirya, ya take ta. Hukuma za ta kama na biyu, ta bar na farko, kuma haka ya dace, domin hukuma ba ta da abin da za ta auna sai abin da ya auku. Jama'a za su kira na biyu mai kisa, na farko kuwa ko sunansa ba za a ji ba. Amma me na biyu ya aikata wanda na farko bai aikata ba? Bambancin da ke tsakaninsu taku ɗaya ne na ƙafar yarinya, kuma wannan takun ba a hannun ɗayansu yake ba. Abin da ke hannunsu iri ɗaya ne, kuma sun gama aikata shi tun a garaji, ranar da suka ce a mayar da taya. Ni a ganina can ne laifin yake. Ranar Mirya an rufa mini asiri ne kawai, kuma wanda aka rufa wa asiri bai kamata ya ɗauka wanke shi aka yi ba.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗa wa kaina a daren nan: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In kwanan yarinyar ya ƙare, ko sabuwar mota ce fil daga kamfani sai ta take ta, in kuma da sauran shan ruwanta, ko babu birki sam ba abin da zai same ta. Na yi imani da ƙaddara, kuma ban zo in yi jayayya da ita ba. Sai dai na lura muna kiran sunanta ne a inda ta yi mana daidai. Ban taɓa ganin mai mota ya bar ta a buɗe da makulli a ciki a kasuwar Dole ya ce in rabon ɓarawo ce zai ɗauka ba. A kan dukiyarmu muna ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kamar yadda malamai suka koya mana. Sai a kan ran ɗan wani ne muke sakin akala mu ce Allah ya tsare. Ajalin yarinyar sirri ne da ba a ba ni saninsa ba, kuma ba za a tambaye ni a kansa ba. Tsagar tiyo kuwa an nuna mini ita da yatsa.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure gwargwado. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, an ɗora wa wanda ke kan dabba, da mai janta, da mai korarta, alhakin abin da ta take. Ba a ce a je a tambayi jakin ba. Haka nan kisan kuskure, wanda kowa ya yarda babu niyya a cikinsa, shari'a ta sa masa diyya da kaffara. Abin da na fahimta a nan shi ne “ban yi nufi ba” ba ta rufe magana. Wanda ya ɗauko abu mai nauyi da gudu ya shigo da shi cikin mutane ya ɗauko amanarsa tare da shi. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a kowace daƙiƙa, kafin ƙafa ta tashi daga totur ta kai birki an riga an wuce tsawon ɗaki biyu ko uku. In gudun ya ninka biyu, nisan da take buƙata ta tsaya bayan an taka birki yana ninka huɗu, wannan kuma da lafiyayyen birki ke nan. Mai tafiya a ƙasa bai san halin da tiyona ke ciki ba, bai kuma amince da a yi caca da shi ba. Jika 35 ɗin da na ƙi biya ba ɓacewa suka yi ba. Bashi ne na ci da sunan duk wanda zai gifta gabana, ba da saninsa ba.

Har yanzu dai ban amsa wa direban ba, domin shi bai ce mini ƙaddara ba, cewa ya yi yara me za su ci. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi nesa, kuma wanda ya yi saurin ture ta bai san ƙasar da yake zaune ba. Motocin da muke hawa, akasarinsu sun gama rayuwarsu ta farko a wani wuri. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar a yankin Afirka, yankin da motocinsa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya ba. In aka ce duk motar da ba ta cika sharaɗin Turai ba a ajiye ta, to gobe babu mai kai gero kasuwa, babu mai kai mai naƙuda asibiti. A unguwarmu mota uku ce, kuma duk wanda ya taɓa jin bugun ƙofa ƙarfe biyu na dare ya san motar mutum ɗaya a nan ta unguwa ce duka. Ajiye mota ma yana da nasa alhakin.

Saboda haka ba zan ce talaka ba shi da ikon hawa tsohuwar mota ba. Abin da na koya shi ne ciwon mota iri biyu ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai ciwon da mai motar kaɗai yake cutarwa: kilim da ya mutu, kujerar da ta yage, fentin da ya koɗe, gilashin da ba ya sauka, injin da ke shan baƙin mai, ƙofar da sai an buɗe ta waje. Wannan tsakaninka da aljihunka ne, ka lallaɓa har shekara goma, babu wanda ya isa ya ce ka yi laifi. Akwai kuma ciwon da wani ne zai biya: birki, taya, sitiyari, fitilun dare. Waɗannan huɗu ba naka ba ne kai kaɗai ko da kai ka biya kuɗinsu, domin saboda mutanen waje da fasinja aka yi su. Kuma in ka duba da kyau, galibi ba su ne suka fi tsada ba. Pilaket ba ta kai kuɗin fenti ba. Ƙwan fitila bai kai kuɗin rediyon mota ba. Taya ta hannu ma ana iya zaɓenta da ilimi: a gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani jerin rubutu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Wadda aka rubuta wa 2314 an yi ta ne a mako na 23 na 2014, kuma ko zanenta yana nan raɗau robar ta tsufa, zafin kwaltarmu ba zai yi mata sauƙi ba. Sau da yawa abin da ke hana mu gyaran waɗannan huɗun shi ne babu mai ganinsu ya yaba. Ni shaida ne.

Game da direban Matamaye kuwa, yanzu ina ganin na yi masa rashin adalci ta fuska ɗaya: na ɗora masa kayan duka shi kaɗai, alhali kaso mafi girma na mai motar ne. Wanda ke karɓar kuɗin yamma cif-cif, aka gaya masa birki ba ya kamawa ya ce a lallaɓa, shi ne ya yanke shawarar, yana zaune a inuwa, wani ne zai zauna a bayan sitiyari, wasu ne za su zauna a bayansa. Riba tasa, haɗarin na mutane. Amma wannan bai sauke wa direban nasa kason ba, domin ƙafarsa ce ta san gaskiyar, fasinjan da ya biya kuɗinsa ya shiga kuwa bai sani ba. Da zai sake bugowa, zan ce masa ya ɗauki kuɗin yinin nan ya kai garaji maimakon gidan maigida, ya kai masa tsofaffin kayan da aka cire a leda tare da lissafi. Mai yiwuwa maigidan ya yi faɗa, mai yiwuwa ma ya karɓe makullinsa, ba zan ce masa hakan ba zai faru ba, kuma ba ni zan ciyar da yaransa ba in ya faru. Abin da zan iya gaya masa da gaskiya shi ne wanda aka kora daga aiki yana neman wani, na ga da yawa sun samu. Na kuma san wani direba a garin nan da ya take yaro shekarun baya, kotu ta sallame shi, iyayen yaron suka yafe, amma bai sake riƙe sitiyari ba har yau.

Akwai wata jarrabawa da ta biyo baya wadda ban yi tsammani ba. Da labarin Mirya ya bazu, wani dillali ya same ni ya ce in na gaji da motar yana da mai so. Na ce akwai aikin birki, kuma bakanike ya ce giyar ma ta fara alamar gajiya. Ya yi dariya ya ce: “Yallaɓai, wa ke faɗin wannan? A wanke ta, a cika mata mai, mai saye ai da idonsa.” Na yi kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Sai na ga ai wannan ita ce dabarar farko ta sake dawowa da wata riga: in tura wa wani bashin da ni na ci. A fiƙihunmu wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya gano an ɓoye masa. A buhun hatsi ma haka ne, balle abin da mutum zai zuba iyalinsa a ciki ya hau hanyar Maraɗi. Na ce wa dillalin ba ta sayarwa ba ce.

Ban samu kuɗin gyaran nan take ba, domin Salla ta cinye abin da ke hannuna, kuma da aka buɗe sai aka tarar faifan tayar ma ya ƙarce, lissafi ya tashi daga jika 35 zuwa jika 80. Motar ta yi mako uku a garaji. Mako ukun nan a kan kabu-kabu nake zuwa aiki, ni mai shirin motoci, ina rungume da jakata a bayan yaro. Abokan aiki suka yi ta tsokana, wani maƙwabci ya tambayi uwargida ko lafiya, ko an sayar ne. Na ji kunya ƙwarai, kuma da na zauna na auna sai na ga wannan kunyar ce tun farko ta sa na gyara ƙarcen ƙofa na bar tiyo. Ga ta nan na sha ta duka, mako uku, ba ta kashe ni ba.

Har yanzu masu sauraro suna bugowa su tambaye ni wace mota ce ta fi. Da can nakan shiga dogon bayani kan ƙarfin inji da laushin tafiya, kuma har yau in an taɓo 504 sai an ƙwace makirfo daga hannuna. Amma yanzu nakan fara da tambayar mutum abin da yake samu a wata, da abin da zai iya warewa ba tare da ya taɓa tukunyar gida ba. Nakan ce ya je wurin masu kayan gyara na garinsu ya tambayi kuɗin pilaket da taya da batir na motar da yake so tun kafin ya tambayi kuɗin motar. In bakaniken unguwarsu bai santa ba, in kayanta sai an aika Kano ko Lome, to ya sake tunani. Wanda kuɗinsa ya kai sayen babbar mota amma bai kai riƙonta ba, ƙarama ta fi masa. Wanda bai kai riƙon ƙarama ba, babur lafiyayye ya fi masa. Wasu ba sa jin daɗin wannan amsa, wani ma ya ce mini shirin ya koma wa'azi.

Direban Matamaye bai sake bugowa ba, ko kuma ya bugo layi bai shiga ba. Na sha ba da amsar a iska ko yana saurare. Ni kuma yanzu kowace safiya kafin in fita nakan buɗe gaban motar in duba mai da ruwa, in zagaya tayoyi, sannan in shiga in tayar, in taka birki in riƙe. Kwanan baya ɗiyata, mai shekara shida, ta leƙo ta taga ta ce: “Abba, me kake jira?” Na ce ta shigo ta zauna in nuna mata.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kuma kiyaye mutane daga sakacinmu.